Idan An Ce "Ku Koma Da Shi Gida": Yadda Ake Bambance Wuraren Jinyar Ƙarshen Rayuwa

 Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin nan domin waɗanda data ba ta ba su damar sauraro ba, da kuma waɗanda suka fi son su karanta a natse.

Maganar yau tana da ɗan nauyi, sai a yi haƙuri da ni. Akwai wata jimla da kusan kowane gida a ƙasar nan ya taɓa ji daga bakin likita: "Mun yi iya ƙoƙarinmu, ku koma da shi gida ku ci gaba da addu'a." Addu'a kam babu abin da ya kai ta. To amma bayan an koma gidan fa? Ciwon daji bai daina cin jiki ba, numfashi bai daina sarƙewa ba, dare kuma bai rage tsawo ba. Wa zai zo ya duba? Wa za a kira da ƙarfe biyun dare idan Baba ya fara murƙususu?

A duniya akwai fannin kiwon lafiya guda da aka ware domin wannan lokacin, akwai kuma cibiyoyin da aikinsu ke nan. Ana kiransu hosfis. Wasu na yin aikin tsakani da Allah, wasu kuma kasuwa suka buɗe. Abin da za mu duba yau shi ne yadda ake gane bambancin, da irin ma'aunin da ƙasashen da suka daɗe a harkar suke amfani da shi, sannan mu ga wanne ne zai yi mana aiki a nan.

MENE NE HOSFIS?

Hosfis kulawa ce da ake ba mutumin da ciwonsa ya wuce matakin warkewa, kuma likitoci na ganin kwanakin da suka rage masa ba su da yawa, duk da cewa sanin ajali sai Allah. Manufar ita ce a cire masa raɗaɗi, a sauƙaƙa masa numfashi da barci da cin abinci, a kiyaye masa mutunci, a kuma tallafi iyalin da ke jinyarsa. Mutane da yawa idan sun ji kalmar sai su ɗauka gini ne da ake kai mutum a bar shi. A gaskiya mafi yawan aikin hosfis a gidan maras lafiya ake yinsa, ma'aikatan ne ke zuwa su same shi a kan gadonsa.

Hosfis reshe ne na wani babban fanni da za mu kira kulawar sassauci. Ita wannan ana iya fara ta tun ranar da aka gano ciwo mai tsanani, tana tafiya tare da maganin da ake fatan ya warkar. Hosfis kuwa shi ne zangon ƙarshe.

Wadda ta kafa tubalin hosfis na zamani wata Baturiyar Ingila ce, Cicely Saunders. Ta fara da aikin nas, ta koma aikin jin daɗin marasa lafiya, daga baya ta karanci likitanci. A 1967 ta buɗe cibiyar St Christopher's a Landan. Babban abin da ta koya wa duniya shi ne ciwon mai mutuwa ba a jiki kaɗai yake tsayawa ba. Akwai na jiki, akwai na zuciya wato tsoro da damuwa, akwai na iyali kamar tunanin wa zai riƙe yaran nan, akwai kuma na tsakanin mutum da Ubangijinsa. Ku riƙe waɗannan huɗun, don duk ma'aunin da za mu ambata daga nan ya samo asali.

Sannan shiga wannan kulawa ba ya gaggauta mutuwa. Tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ya fara karɓar kulawar hosfis a gidansa a Fabrairun 2023, bai rasu ba sai 29 ga Disamban 2024 yana da shekara 100. Kusan shekara biyu ke nan. Akwai kuma wani bincike da aka wallafa a 2010 a kan mutum 151 masu ciwon dajin huhu da ya riga ya yaɗu, a wani asibiti a birnin Boston. Waɗanda aka haɗa musu da kulawar sassauci tun da wuri sun fi samun natsuwa, kuma a tsaka-tsakin lissafi sun rayu wata 11.6, sauran kuwa wata 8.9.

ME YA SA SAI AN KWATANTA?

Wani zai ce ai duk wanda ya zaɓi kula da masu mutuwa mutumin kirki ne, mene ne na bin diddigi? Bari mu leƙa Amurka, don can ne harkar ta fi girma, can ne kuma aka fi tona asirinta.

Tun 1983 inshorar lafiyar gwamnati ta tsofaffi, wadda ake kira Medicare, take biyan kuɗin hosfis. Sharaɗin shi ne likitoci su tabbatar cewa idan ciwon ya bi hanyarsa, da wuya mutum ya wuce wata shida. Yadda ake biyan kuɗin kuma shi ne kullum-kullum: kowace rana da sunan maras lafiya yake cikin rajistar cibiya, ana biyanta, ko nas ta je gidansa a ranar ko ba ta je ba. A 'yan shekarun nan kuɗin rana ɗaya na kulawar gida ya haura dala 200 a kwana 60 na farko.

Kun ga inda gizo ke saƙar? Idan kai ɗan kasuwa ne mara tsoron Allah, ribarka tana cikin abu biyu: ka tara sunaye da yawa, ka rage zuwa dubiya. Harkar da ta fara a hannun 'yan sa-kai da ƙungiyoyin jinƙai, yau sama da kashi 70 cikin 100 na cibiyoyinta a Amurka na neman riba ne.

A 2019 ofishin babban mai bincike na ma'aikatar lafiyar ƙasar ya fitar da rahoto a kan cibiyoyin da aka duba tsakanin 2012 da 2016. Sama da kashi 80 cikin 100 an same su da aƙalla matsala ɗaya, kusan ɗaya cikin biyar kuma matsalar mai tsanani ce. A cikin misalan da aka kawo akwai wanda aka bar masa gyambo ya ruɓe har sai da aka yanke ƙafa, akwai wanda tsutsa ta fito a bakin robar da ake ba shi abinci ta ciki. A 2022 mai binciken kuɗi na jihar California ya gano gini guda ɗaya tak a yankin Los Angeles da aka yi wa cibiyoyin hosfis da na jinyar gida sama da 150 rajista da adireshinsa. Jihar ma ta dakatar da ba da sabon lasisi. A 2023 kuma wani babban bincike da ya tattara amsoshin iyalai ya nuna cewa, idan aka haɗa jimla, iyalan da suka bi ta cibiyoyin neman riba sun fi kokawa.

Wannan ba ya nufin duk mai neman riba mugu ne, ko duk ƙungiyar jinƙai ta iya aiki. A kowane ɓangare akwai nagari akwai bara-gurbi. Darasin dai shi ne suna da allon talla ba sa gaya maka komai. Idan ƙasar da ke da dokoki da masu sa ido ta ga irin wannan, ina ga wurin da babu mai dubawa?

Akwai kuma wani abu da ya sa wannan fanni ya bambanta da sauran. Idan tela ya ɓata maka ɗinki, gobe ka canza tela. Idan asibiti ya wulaƙanta ka, ka warke ka ba da labari. Shi kuwa wanda aka yi wa jinyar ƙarshe ba ya dawowa ya kai ƙara, kuma ba a maimaita masa. Sau ɗaya ne.

YADDA AMURKA TAKE AUNAWA

Tunda mai abin ba ya nan, wa za a tambaya? Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Don haka sai aka koma ga wanda ya kwana a gefen gadon. Bayan rasuwa da kamar wata biyu, ana aika wa ɗan'uwan da ya yi jinya takardar tambayoyi. Ana tambayarsa ko ma'aikatan sun riƙa yi musu bayani yadda za su fahimta, ko taimako ya zo a kan lokaci musamman da dare da ƙarshen mako, ko an girmama maras lafiya, ko an shawo kan ciwo da sarƙewar numfashi, ko an koya wa iyali yadda za su kula da shi, ko an tallafe su ta fuskar damuwa da addini. A ƙarshe a ce masa: za ka ba wani shawara ya kai nasa can?

A 2017 gwamnati ta buɗe shafin intanet inda kowa zai iya jera cibiyoyi ya kwatanta su, daga 2022 kuma aka fara sa musu taurari, daga ɗaya zuwa biyar, bisa waɗannan amsoshi.

Akwai ma'auni na biyu wanda ni a ganina ya fi kowanne fallasa gaskiya: a cikin kwana ukun ƙarshe na rayuwar mutum, nas ko jami'in jin daɗin jama'a ya zo gidan a aƙalla kwana biyu? Waɗannan kwanakin su ne mafi wuya. Numfashi na canzawa, mutum ba ya iya haɗiye magani, iyali sun ruɗe. Cibiyar da ta karɓi kuɗin wata huɗu amma ta ɓace a waɗannan kwana ukun, ta nuna ko ita wace ce.

Na uku, ana duba yawan mutanen da cibiya ke sallama da ransu. Wani lokaci alheri ne, mutum ya ji sauƙi. Amma idan adadin ya yi yawa, alama ce ta ɗayan biyu: ko dai ana rubuta mutanen da ba su kai matakin ba don a ci kuɗi, ko kuma ana jefar da su idan jinyarsu ta fara tsada.

Dokar can ta kuma wajabta wa kowace cibiya matakan kulawa huɗu: ziyarar gida ta yau da kullum, zaman nas na sa'o'i masu yawa a gida idan abu ya rikice, kwantarwa idan ciwo ya gagara a gida, da karɓar maras lafiya har kwana biyar don masu jinya su huta. Wannan na ƙarshen, duk wadda ta taɓa jinyar uwa ko miji wata da watanni ta san darajarsa. Haka kuma dole cibiya ta ci gaba da tallafar iyali har shekara guda bayan rasuwa.

Su ma taurarin suna da iyaka. Sai cibiya ta tara amsoshi aƙalla 75 ake ba ta tauraro, don haka ƙanana da sababbi da yawa ba su da ko ɗaya, kuma a cikinsu ne 'yan damfara suka fi ɓuya.

INGILA KUMA FA?

A Ingila yawancin cibiyoyin hosfis na ƙungiyoyin jinƙai ne. Gwamnati na ba da kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin tafiyar da su, sauran daga gudunmawar jama'a yake fitowa, maras lafiya kuma ba ya biyan ko kwabo. Akwai hukumar da ake kira CQC mai aika masu bincike su shiga su gani da ido. Tambaya biyar suke riƙewa: wurin na da aminci? Kulawar na yin tasiri? Akwai tausayi? Ana biyan buƙatar kowa yadda ta zo? Shugabancin na da kyau? Daga nan sai su ba da ɗaya daga cikin maki huɗu, daga "ya yi fice" zuwa "bai wadatar ba", su wallafa rahoton kowa ya karanta.

Amurka ta fi dogara da amsar iyali da lissafin takardun biyan kuɗi, Ingila ta fi dogara da idon mai bincike. Amma ku lura da abu guda: a duka biyun babu inda aka ba da maki don tayil, ko fenti, ko girman get.

MA'AUNIN DA AKA ƘERA A AFIRKA

Kada wani ya ce wannan harkar Turawa ce. Tun 1979 aka buɗe Island Hospice a ƙasar da yanzu ake kira Zimbabuwe. A 1993 Dakta Anne Merriman ta kafa Hospice Africa Uganda a Kampala, da wata dabara mai sauƙi: a sayo garin maganin mofin, a haɗa shi da ruwa bisa ma'auni, a zuba a kwalba, maras lafiya ya riƙa sha a gida. Ya fi allura da ƙwaya arha nesa ba kusa ba. A 2004 Yuganda ta gyara dokarta, ta ba nas-nas da jami'an lafiya da aka horar na musamman izinin rubuta mofin, saboda likitoci ba su isa ƙauyuka ba.

Ƙungiyar kulawar sassauci ta Afirka, wato APCA, mai hedikwata a Kampala, ta fito da nata ma'aunin mai tambaya 10: bakwai ga maras lafiya, uku ga iyali, kowace ana ba ta maki daga 0 zuwa 5. Ana tambayar maras lafiya tsananin ciwonsa a kwana ukun da suka wuce, da sauran abubuwan da ke damun jikinsa, da fargabar da yake ciki, ko yana samun wanda yake faɗa wa abin da ke ransa, ko yana jin rayuwarsa na da daraja, ko zuciyarsa a kwance take, ko an taimaka wa iyalinsa su shirya wa gaba. Iyali kuma a tambaye su ko an ba su isasshen bayani, ko suna jin za su iya jinyar, da irin damuwar da suke ciki.

Abin da ya burge ni da wannan shi ne ana yinsa ne mutum na da rai, ana kuma maimaitawa. Idan yau ciwo na kan 5, bayan kwana uku ya sauko 2, an yi aiki. Idan har yanzu yana 5, akwai magana. Ba ya buƙatar kwamfuta ko intanet. Takarda da biro sun isa.

INA MUKA TSAYA?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 56.8 ke buƙatar kulawar sassauci kowace shekara, amma kusan kashi 14 cikin 100 ne kawai ke samu. Wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya nuna a 2017 cewa rabin mutanen duniya mafi talauci suna samun ƙasa da kashi 1 cikin 100 na mofin da dangoginsa da ake rarrabawa. A 2015 da aka jera ƙasashe 80 bisa ingancin kulawar ƙarshen rayuwa, Birtaniya ce ta ɗaya, Yuganda ta shiga rabin sama, Najeriya kuwa tana cikin biyar na ƙasa. Yuganda ba ta fi mu kuɗi ba, jama'a. Shawara ta yanke ta kuma bi ta.

Ba a ce ba a yi komai ba. Asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe sashen kulawar sassauci a 2007, da ƙoƙarin Farfesa Olaitan Soyannwo da abokan aikinta. Akwai ƙungiyar ma'aikatan fannin ta ƙasa. A 2021 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta ƙaddamar da manufar ƙasa a kan hosfis da kulawar sassauci. Amma har yanzu aikin ya fi taruwa a manyan asibitocin birane, kuma babu wani shafi da za ka buɗe ka ga taurari.

Don haka a wajenmu kwatancen yakan kasance tsakanin sashen wani babban asibiti, da asibitin kuɗi, da kamfanin da ke turo nas gida, da wata ƙungiyar agaji, da kuma ma'aikacin lafiyar unguwa da ake kira ya sa ruwa. Tunda babu hukumar da za ta auna mana, aikin ya dawo kanmu. Kuma a gidaje da yawa, matashin da ya yi boko shi ake turawa gaba ya yi magana da likita. Wato ni da kai da ke.

TAMBAYOYI TAKWAS KAFIN KU MIƘA NAKU

Na ɗaya: idan ciwo ya tashi da tsakar dare, wa za mu kira, kuma cikin wane lokaci za a zo? Ka karɓi lambar, ka gwada kiranta da dare tun kafin buƙata ta taso. Gani ya kori ji.

Na biyu: kuna da mofin na sha, kuma wa ke da izinin rubuta shi? Ciwon daji da ya yi nisa ba ya jin farasitamol. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara matakan maganin ciwo, kuma ƙa'idar ita ce a ba da shi ta baki, a kan lokaci tsayayye, kada a jira sai mutum ya fara kuka. Mofin na ruwa yawanci duk bayan sa'a huɗu ake sha. Na san kalmar na tsorata mu, saboda mun ga abin da kodin da tiramadol suka yi wa matasanmu, har gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018. Tsoron na da dalili. Amma mofin da ƙwararre ya auna wa mai ciwon daji, yana bibiya, ba kasafai yake zama jaraba ba, kuma hana shi ga mai buƙata zalunci ne. Ga wata 'yar jarrabawa: ka tambaya me za su haɗa da shi. Wanda ya san aiki zai ambaci maganin taurin bayan gida nan take, don kusan kullum tare suke tafiya.

Na uku: yaya kuke auna ciwo, kuma kuna rubutawa? Idan babu mai tambayar maras lafiya daga 0 zuwa nawa yake ji, babu yadda za a san ko magani na aiki.

Na huɗu: sau nawa za ku zo a mako, wa zai zo, kuma zuwan zai ƙaru idan kwanaki suka matso? Ka nemi amsa da lamba. "Za mu riƙa leƙowa" ba amsa ba ce.

Na biyar: me za ku koya mana? Juya maras lafiya duk bayan kamar sa'a biyu don kada gyambon kwanciya ya fito, wanke masa baki da jiƙa leɓɓansa, yi masa tsarki ba tare da an tozarta shi ba, gane alamomin da ke nuna lokaci ya yi kusa. Mu ne za mu kwana da shi, don haka wurin da ba ya koyar da iyali ya bar rabin aikin.

Na shida: za ku gaya mana gaskiya? A al'adarmu mukan ɓoye wa maras lafiya sakamako don kada hankalinsa ya tashi. Niyyar mai kyau ce. Amma mutum na iya samun bashin da yake son biya, wasiyyar da yake son bari, ɗan'uwan da yake son neman yafiyarsa. Ƙwararren ma'aikaci yakan fara da tambayar maras lafiya iya abin da yake son sani, ya gaya masa a hankali, ba ya jefa masa magana kamar dutse, ba ya kuma yi masa ƙarya.

Na bakwai: za ku mutunta addininsa da kunyarsa? Akwai nas mace ga mace, namiji ga namiji? Za a bar malami ko fasto ya shigo? Za a bar 'yan'uwa su zauna kusa a lokacin gargara, ko za a ce lokacin ziyara ya wuce?

Na takwas: nawa ne kuɗin, kuma me ya ƙunsa? A rubuce. Magani na ciki? Zuwan dare na ciki? Iyalai da yawa sun sayar da gona da fili a makonnin ƙarshe a kan abin da bai ƙara wa maras lafiya ko barcin sa'a ɗaya ba.

ALAMOMIN DA ZA SU SA KA JA BAYA

Duk wanda ya yi maka alkawarin warkar da ciwon da ƙwararru suka tabbatar ya wuce warkewa, muddin za ka ajiye wasu maƙudan kuɗi, ka yi hattara. Haka wanda maganinsa kullum ƙarin ruwa da allurar ƙarin ƙarfi. A kwanakin ƙarshe jiki ba ya iya sarrafa ruwa da yawa, yana iya taruwa a huhu ya ƙara wahalar numfashi, ko ya kumbura ƙafafu. Haka wanda ke jin haushi idan ka yi tambaya, da wanda ba ya ajiye kati ko takardar abin da ya bayar, da wurin da kullum sabuwar fuska ce ke zuwa, sai kun sake ba da labari daga farko.

Mu ɗauka wurare biyu ne a gabanku. Na farko na da na'urar sanyaya ɗaki da talabijin, amma likita sau ɗaya yake zagayowa, babu mofin a kantin maganinsu, ƙarfe takwas na dare a kori kowa. Na biyun ɗaki biyu ne a bayan wani tsohon asibiti, fentin ma ya kwaile, amma nas ɗinsu ta ba ku lambarta, ta zauna ta nuna wa ƙanwarka yadda ake auna magani da sirinji, ta dawo bayan kwana biyu ta tambayi Baba ciwon ya sauko ko bai sauko ba. Da duk ma'aunin da muka ambata, na Amurka da na Ingila da na Kampala, na biyun ne ya ci. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

ME YA RAGE MANA?

Abu na farko, ka tambaya. Idan likita ya ce a koma gida, ka ce masa cikin ladabi: "Likita, akwai sashen kulawar sassauci ko na kula da ciwo a nan? In babu, ina za ka tura mu? Wane magani za mu tafi da shi, kuma wa za mu kira?" Yawan tambayar nan ita ke sa hukumar asibiti ta gane akwai buƙata.

Na biyu, ka ajiye littafi a gefen gado. Lokacin da aka ba da magani, makin ciwo safe da yamma, ranar da nas ta zo da abin da ta ce. Wannan littafin shi ne hujjarka idan za ka canza wuri, shi ne kuma zai taimaki likita na gaba.

Na uku, mu raba aikin jinya. A gidajenmu nauyin kusan kullum a kan mace ɗaya yake faɗawa, uwa ko mata ko 'ya, har ita ma ta kwanta. Tunda ba mu da cibiyar da za ta karɓi maras lafiya kwana biyar, mu samari mu karɓi kwana biyu a mako. Juya Baba da ɗaga shi ai aikin mai ƙarfi ne.

Na huɗu, ƙungiyoyinmu na matasa da ke bibiyar kasafin kuɗin lafiya su ƙara tambaya ɗaya a jerinsu: babban asibitin jiharmu na da mofin na sha, kuma ma'aikata nawa aka horar a wannan fanni? Asabar ta biyu a watan Oktoba ita ce ranar hosfis da kulawar sassauci ta duniya, dama ce ta kai wannan tambaya gaban kwamishinan lafiya. Manufar 2021 tana nan a rubuce, sai a buƙaci a aiwatar.

Wanda yake cikin jinya yanzu haka, Allah ya ba ku lada, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu da rahama. Ku tura wa wanda kuka san yana buƙatar tambayoyin nan takwas. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.